Tambaya da Amsa: Roman Josi da ƙwallon gora ta kan ƙanƙara a Suwizalan

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ma'abocin kallon ƙwallon ƙafa ne, kuma iyakar abin da na sani game da Suwizalan a fagen wasanni shi ne ranar da matasanta 'yan ƙasa da shekara 17 suka doke namu da ci ɗaya mai ban haushi a Abuja a 2009. Kwanakin baya ina cikin canza tashoshi sai na ci karo da wani wasa da ake yi a kan ƙanƙara, kowa riƙe da sanda, mai sharhi kuma yana ta nanata sunan wani Roman Josi, wai shi ne ɗan wasan da Suwizalan ta fi ji da shi. Ina roƙon Malam ya bayyana mana ko wane ne wannan mutum, da abin da ya yi har ake yi masa wannan kirari. Daga wani mai karatu a Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, ka fama mana tsohon miki, domin duk wanda ya kalli wannan wasa na ƙarshe a Abuja ba zai manta da ƙwallon da Haris Seferovic ya ci da ka ba. To amma a can Suwizalan ƙwallon ƙafa tana da kishiya mai ƙarfi, wato wasan da ka gani, wanda ake kira hoki ko ƙwallon gora ta kan ƙanƙara, kuma kamar yadda hedikwatar FIFA take a birnin Zurich, haka ita ma hedikwatar hukumar wannan wasa ta duniya, IIHF, a can take.

Sai an fahimci yadda wasan yake kafin a gane darajar Josi. Kowace ƙungiya tana da mutum 6 a fili, mai tsaron gida ɗaya, 'yan baya biyu, 'yan gaba uku, kuma dukkansu suna sanye da takalman da aka ɗaura wa siririn ƙarfe a ƙasa, wanda da shi suke sululu a kan ƙanƙarar. Abin da suke bugawa wani ɗan faifan roba ne baƙi mai tauri, faɗinsa inci 3, kaurinsa inci 1, nauyinsa bai wuce giram 170 ba, ana kuma ajiye shi cikin sanyi kafin wasa domin kada ya riƙa tsalle. Ana yin zango uku, kowanne minti 20, agogo yana tsayawa duk lokacin da alƙali ya busa. Saboda tsananin gudun da ake yi, ɗan wasa ba ya iya jure fiye da kamar minti ɗaya a jere, don haka za ka ga ana ta tsallake katangar gefen fili, waɗannan suna fita waɗancan suna shiga, wasa kuma yana ci gaba ba tare da an tsaya ba. Wanda ya yi laifi ana tura shi wani ɗan keji na minti 2, ƙungiyarsa ta ci gaba da wasa da giɓin mutum ɗaya. Sannan a lissafinsu, wanda ya ci da wanda ya miƙa aka ci kowa yana samun maki ɗaya, jimlar waɗannan maki kuma ita ce ma'aunin farko da ake duba ƙwazon ɗan wasa da shi.

An haifi Roman Josi ranar 1 ga Yuni, 1990 a Bern, birnin da gwamnatin tarayyar Suwizalan take, inda ake magana da wani karin harshen Jamusanci. A ƙungiyar garinsu, SC Bern, ya tashi, kuma wannan ba ƙaramar makaranta ba ce, domin filinta yana ɗaukar kimanin mutum 17,000, da yawansu a tsaye suke kallo a kan wani dogon tudu mai hawa-hawa, kuma shekaru da dama a jere babu ƙungiyar hoki a duk Turai da ta kai ta tara 'yan kallo. Yaron da ya saba wasa a gaban irin wannan taro tun bai cika shekara 18 ba, ihun 'yan kallo ba zai firgita shi a ko'ina ba.

Babbar gasar wannan wasa a duniya ita ce NHL ta Amurka da Kanada, wadda ƙungiyoyinta suke zama kowace shekara su zaɓi matasa bi da bi, wadda ta fi rauni a kakar da ta wuce ita ce ta fi kowa damar fara zaɓe. A zaman 2008 da aka yi a Ottawa, sai da aka kira sunaye 37 kafin ƙungiyar Nashville Predators ta jihar Tennessee ta kira nasa a zagaye na biyu. Bai yi gaggawar tafiya ba. Ya ƙara shekara biyu a gida har ya ci kofin Suwizalan da SC Bern a 2010, bayan wasanni 7 da ƙungiyar Genève-Servette, sannan ya haye teku, inda aka fara ajiye shi a ƙaramar ƙungiyar Milwaukee Admirals domin ya saba da filin Arewacin Amurka. Wannan sabo yana da muhimmanci fiye da yadda mai kallo zai zata, saboda filin Turai faɗinsa mita 30 ne, na NHL kuwa mita 26, kuma waɗannan mita 4 da aka rage su ne suke sa ɗan baya ya rasa sararin da zai ɗaga kai ya yi tunani kafin a banke shi da katanga. A ƙarshen Nuwamba 2011 ya buga wasansa na farko a NHL, sanye da riga mai lamba 59 wadda ya ci gaba da amfani da ita.

Sa'arsa ta zo ne a 2012, lokacin da Ryan Suter, ɗaya daga cikin manyan 'yan bayan Nashville, ya koma Minnesota, aka haɗa Josi da kyaftin Shea Weber a sahun farko. Weber ƙato ne mai bugu kamar aradu, wanda 'yan gaba suke shakkar kusantarsa, shi kuwa Josi gwanintarsa ita ce ɗaukar faifan daga bayan ragarsu ya ratsa da shi tsakiyar fili da kansa, kansa a ɗage, har ya shiga yankin abokan hamayya ya zama kamar ɗan gaba na huɗu. Wanda ya san aikin ɗan bayan gefe a ƙwallon ƙafa da yake hawa sama ya kuma dawo kafin a kai hari zai gane abin da nake nufi, sai dai a nan ana yin sa ne da gudun da ya fi na ƙafa. A 2013 ƙungiyar ta ba shi kwantiragin shekara 7 a kan dala miliyan 28, wanda daga baya masu sharhi suka riƙa cewa Nashville ta yi tsintuwa, domin ba a daɗe ba aikinsa ya fi ƙarfin kuɗin. An naɗa shi kyaftin a Satumba 2017, a Oktoba 2019 kuma ya sa hannu a sabon kwantiragi na shekara 8 a kan dala miliyan 72 da ɗoriya.

Kirarin da ka ji mai sharhi yana yi masa ya samo asali ne daga kakar wasa biyu. A kakar 2019 zuwa 2020, wadda annobar korona ta katse, ya tara maki 65 a wasanni 69, marubuta labarin wasan suka zaɓe shi ya karɓi kyautar Norris, wadda ake bai wa ɗan bayan da ya fi kowa a NHL, kuma kafin shi babu ɗan Suwizalan ko ɗan wasan Nashville da ya taɓa samun ta. A kakar 2021 zuwa 2022 kuma ya ci 23, ya miƙa aka ci 73, wato maki 96 a wasanni 80, adadin da rabon a ga ɗan baya ya kai irinsa tun lokacin Phil Housley a kakar 1992 zuwa 1993. Da wannan ya shafe tarihin maki 85 na Paul Kariya a ƙungiyar, alhali Kariya ɗan gaba ne da aikinsa ke nan. Abin da ya ba magoya bayansa takaici a wannan shekara shi ne kyautar Norris ta tafi ga Cale Makar na Colorado, duk da cewa masu zaɓe 98 ne suka sa Josi a matsayi na ɗaya, 92 suka sa Makar, sai jimlar maki ta bai wa Makar rinjaye da ɗan ƙaramin bambanci. A Disamba 2022 ya wuce David Legwand ya zama wanda ya fi kowa tara maki a tarihin Nashville.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Maigidana yana bin wannan wasa a intanet, kuma mun yi gardama da shi a kan Josi. Na ce masa tunda mutumin bai taɓa cin babban kofin Amurka ba, bai kuma ci zinare da ƙasarsa ba, to ban ga dalilin kiran sa gwarzo ba, domin a sanina kofi shi ne shaidar ɗan wasa. Shi kuma ya ce ban fahimci wasan ba. Wa ya fi gaskiya a cikinmu? Daga wata mai karatu a Maraɗi.

Amsa: Hajiya, barka kadai. Shiga tsakanin mata da miji aiki ne mai haɗari, amma tunda kin tambaya zan faɗi ra'ayina. A kan lissafi gaskiyarki ce, domin zuwa ƙarshen kakar 2024 zuwa 2025 Josi bai ɗaga kofin Stanley, wato babban kofin NHL, ba, bai kuma rataya zinaren gasar duniya ba. Sai dai a kan hukuncin da kika yanke daga wannan lissafi, ina ganin maigidanki ya fi kusa da daidai, kuma zan kawo dalilaina daga abin da ya faru.

A ƙwallon ƙafa babban ɗan wasa yana iya yin minti 90 a fili, ya juya wasa yadda yake so. A hoki kuwa wanda aka fi dogaro da shi, irin Josi, yakan yi kimanin minti 25 ne daga cikin 60, wato fiye da rabin wasan yana zaune yana kallon abin da wasu suke yi da sakamakon. Ga shi kuma kafin a ci kofin Stanley sai an buga wasanni 82 na kaka, sannan a tsallake zagaye huɗu, kowane zagaye sai ƙungiya ta yi nasara sau 4, jimla nasara 16 a cikin wata biyu, ana buga wasa kusan kowane kwana biyu da jiki duk rauni. Ray Bourque na Kanada, wanda babu mai musun yana cikin manyan 'yan baya a tarihi, sai a kakarsa ta 22, yana da shekara 40, ya samu kofin a 2001, kuma sai da ya bar Boston ya koma Colorado.

Misalin da ya fi dacewa da gardamarku ya faru ne a 2017. A wannan shekara Nashville ita ce ta ƙarshe a cikin ƙungiyoyi 16 da suka samu gurbi, amma ta share Chicago da nasara 4 babu ko ɗaya, ta ci gaba har wasan ƙarshe da Pittsburgh Penguins, Josi yana cikin ginshiƙan bayanta tun daga farko har ƙarshe. A wasa na 6, a gidan Nashville, babu wanda ya ci har saura minti ɗaya da daƙiƙa 35 a tashi, sai Patric Hörnqvist, wanda tsohon ɗan wasan Nashville ne, ya buga faifan daga bayan raga ya doki jikin mai tsaron gida Pekka Rinne ya shige. Pittsburgh ta ɗauki kofi. A cikin waɗanda suka yi murna a daren akwai Mark Streit, shi ma ɗan Bern, wanda a lokacin girma ya kama shi, wasanni 3 kawai ya buga a duk zagayen neman kofin, bai kuma taka ƙanƙara ba a wasannin ƙarshe. Idan kofi kaɗai ne shaida, sai mu ce a wannan shekara Streit ya fi Josi, kuma ban zaci akwai wanda ya kalli wasannin da zai yarda da haka ba.

A ɓangaren ƙasa kuma, ya kamata a san inda Suwizalan ta fito. Tun tagullar da ta samu a 1953 ba ta sake samun wata lamba a gasar duniya ba har shekara 60, kuma abin da ake ɗauka nasara a wurinta shi ne ta shiga cikin takwas na ƙarshe. A gasar 2013 da aka yi a Stockholm da Helsinki, ƙarƙashin koci Sean Simpson, ta ci wasanni 9 a jere, cikin waɗanda ta doke har da Kanada da Amurka, ta je wasan ƙarshe da mai masaukin baƙi Suwidin. Josi ne ya fara ci a wannan wasa, kafin Suwidin ta farfaɗo ta yi nasara da ci 5 da 1. Duk da haka shi aka zaɓa gwarzon gasar baki ɗaya da kuma ɗan bayan da ya fi kowa, yana gab da cika shekara 23. A 2018 a Copenhagen suka sake haɗuwa da Suwidin a wasan ƙarshe, aka tashi 2 da 2, ƙarin lokaci bai raba su ba, sai bugun daga kai sai mai tsaron gida, wanda ya ci bugun da ya raba gardama kuwa shi ne Filip Forsberg, abokin wasan Josi a Nashville, wanda 'yan kwanaki kafin nan ɗakin canza kaya ɗaya suke shiga. A 2024 a Prague, yana kyaftin, sun fitar da Kanada a wasan kusa da na ƙarshe, sai Jamhuriyar Cek ta doke su 2 da nema, David Pastrňák ya ci a zango na uku, na biyun kuma ya shiga ne bayan Suwizalan ta cire mai tsaron gidanta domin ƙara ɗan gaba a daƙiƙun ƙarshe.

Azurfa uku ke nan a hannunsa zuwa 2025, kuma ba zan ɓoye miki ba, irin wannan tarihi yana da ɗaci, shi kansa ba zai ce azurfa ta ishe shi ba. Amma ƙasar da mutanenta suke kusan miliyan 9, wadda ta yi shekara 60 ba ta hau dandamalin karɓar lamba ba, yau ta kai matsayin da 'yan jaridarta suke kukan rashin zinare, kuma Josi yana tsakiyar zuriyar da ta kawo wannan sauyi. Akwai kuma abin da ni nake ba nauyi, wato gasar duniya tana zuwa ne a watan Mayu, bayan 'yan NHL sun gama kaka mai tsawo, taurari da yawa sukan ba da uzurin gajiya su ƙi zuwa, shi kuwa a 2018 ana fitar da Nashville ya hau jirgi ya tarar da tawagar ƙasarsa gasar tana tsaka.

Tambaya: Shin Josi ne ɗan Suwizalan na farko da ya yi suna a wannan wasa? Daga wani ɗalibi a Zariya.

Amsa: A'a, ɗan'uwa. Wasan ya daɗe a ƙasar, musamman a garuruwan tsaunuka irin Davos, inda ake gasar kofin Spengler tun 1923 a makon ƙarshe na Disamba. Tauraron wancan zamani shi ne Bibi Torriani na ƙungiyar HC Davos, wanda ya samu tagulla a gasar Olamfik ta hunturu a 1928 da kuma 1948, duka biyun a St. Moritz, kuma shi ne ya karanta rantsuwar 'yan wasa a bikin buɗe ta 1948. A NHL kuwa masu tsaron gida ne suka fara buɗe ƙofa. David Aebischer ya samu kofin Stanley da Colorado a 2001 a matsayin mataimakin Patrick Roy, Martin Gerber kuma ya samu nasa da Carolina a 2006, shekarar da ya tare bugu 49 a Olamfik ta Turin Suwizalan ta doke Kanada 2 da nema. Mark Streit da na ambata a sama shi ne ya nuna cewa ɗan wasan fili daga Suwizalan zai iya zama a NHL ya yi ƙarko. Sai da ya kai shekara 26 Montreal ta zaɓe shi a 2004, a matsayi na 262, amma a 2011 ya zama kyaftin ɗin New York Islanders, ɗan ƙasarsa na farko da ya riƙe irin wannan muƙami a gasar. Bayan Josi kuma aka samu Nico Hischier, wanda New Jersey Devils ta zaɓa na ɗaya a duniya a 2017.

Tambaya: Na ga hoton wani kifi kwance a kan ƙanƙara a filin Nashville, ma'aikaci yana kwashe shi da shebur. Mene ne ma'anar wannan? Sannan na ji an ce Josi ba shi da lafiya, yaya gaskiyar maganar? Daga wani mai karatu a Kumasi.

Amsa: Malam, idonka bai yaudare ka ba, tarwaɗa ce. Nashville gari ne na kudancin Amurka da aka fi sani da mawaƙa, ƙungiyar ma sai a 1998 ta fara wasa, don haka magoya bayanta suka ƙirƙiro tasu al'adar suna kwaikwayon mutanen Detroit, waɗanda suka daɗe suna jefa wata dabbar teku mai hannaye takwas a fili. Tarwaɗa ita ce kifin da ake ci a yankinsu, sai mutum ya sayo ƙatuwa, ya naɗe ta a leda, ya ɗaure a ciki ko a baya ƙarƙashin riga domin ya wuce masu bincike a ƙofa, ana gab da fara wasa ya wurga ta saman gilashin da ya kewaye fili. Doka ba ta yarda ba, wanda aka kama ana fitar da shi, amma a wasannin 2017 abin ya zama ruwan dare.

Game da lafiyarsa, a ƙarshen Fabrairu 2025 an banke shi da katanga a wasa da Florida Panthers, bai sake bugawa ba har kakar ta ƙare, bai kuma je gasar duniya ta wannan shekara ba, wadda a cikinta Suwizalan ta sake kai wa wasan ƙarshe Amurka ta doke ta 1 da nema a ƙarin lokaci. A watan Yuni aka bayyana cewa likitoci sun gano yana da wata lalura da ake kira POTS a taƙaice, wadda take sa bugun zuciya ya hau da sauri idan mutum ya miƙe tsaye, tare da jiri da ciwon kai da kasala. Lalura ce da ake lallaɓawa da magani da yawan shan ruwa da motsa jiki bisa tsarin likita, kuma da aka buɗe kakar 2025 zuwa 2026 a watan Oktoba ya dawo fili da rigarsa mai lamba 59, yana da shekara 35, har lokacin shi ne kyaftin ɗin Nashville.